BABI NA HUƊU: TARKEN FAIFAN "WEST END BLUES" NA LOUIS ARMSTRONG

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin samuwar kiɗan jaz a tsakanin baƙaƙen fatar Amurka, da yadda ya taso daga birnin Niyu Olins ya bazu zuwa Shikago da Niyu Yok. A wannan babi kuwa, za a ɗauki faifai guda ɗaya tak a feɗe shi, wato "West End Blues" wanda Louis Armstrong da ƙungiyarsa ta Hot Five suka ɗauka wa kamfanin OKeh a birnin Shikago ranar 28 ga watan Yuni, 1928. An zaɓi faifan ne saboda da wuya a sami littafin tarihin jaz da bai tsaya a kansa ba.

Akwai ra'ayoyi biyu da suka yaɗu a tsakanin masu sha'awar wannan faifai. Na farko shi ne, wai abin da ke cikinsa ƙirƙirar nan take ce, wato makaɗin ya ɗaga ƙahonsa ne kawai abin ya zubo masa. Na biyu kuwa shi ne, wai aikin mutum ɗaya ne, sauran makaɗan 'yan rakiya ne kurum. Manufar wannan babi ita ce a auna waɗannan ra'ayoyi da abin da kunne yake ji a cikin faifan. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa ƙarfin faifan ya dogara ne a kan tsari da aka gina da gangan, kuma ginin bai yiwu ba sai da gudummawar abokan kiɗa.

4.1 Keɓaɓɓun Kalmomi

A nazarin jaz, faifai shi ne matani, kamar yadda abin da aka naɗa daga bakin mawaƙi yake zama matani a nazarin waƙar baka. Saboda haka za a ari wasu kalmomi daga fagen nazarin waƙar baka, kamar jagora da amshi da gindin waƙa da kuma rauji, wato karin da sauti yake bi wajen hawa da sauka. Ban da waɗannan, za a yi amfani da kalmar "ma'auni" da nufin bugu huɗu na kiɗa, da kuma "zagaye" da nufin ma'auni 12. Shi dai tsarin buluz, wanda aka ɗora wannan kiɗa a kansa, ma'auni 12 ne da aka kasa gida uku, kowane gida ma'auni huɗu. Idan aka kai ƙarshe sai a koma farko, kowane makaɗi ya ɗora nasa raujin a kan wannan turba guda.

4.2 Asalin Kiɗan da Yanayin Ɗaukarsa

Ba Armstrong ne ya ƙagi "West End Blues" ba. Mai shi shi ne Joe Oliver, wanda aka fi sani da King Oliver, maigidan Armstrong kuma malaminsa tun suna Niyu Olins. Sunan kiɗan ya samo asali ne daga West End, wani wurin shan iska a bakin tafkin Pontchartrain, inda makaɗan birnin kan yi wasa. Oliver ne ya kira Armstrong zuwa Shikago a shekarar 1922 don ya zama mai busa na biyu a ƙungiyarsa ta Creole Jazz Band, kuma da wannan ƙungiya aka fara jin Armstrong a faifai a shekarar 1923. A 1924 ya tafi Niyu Yok ya shiga ƙungiyar Fletcher Henderson, sannan ya dawo Shikago a ƙarshen 1925 ya fara ɗaukar faya-fayai da sunansa.

Oliver ya ɗauki nasa "West End Blues" ranar 11 ga Yuni, 1928, wato kwana 17 kafin na almajirinsa. A lokacin Armstrong yana da shekara 26. Waɗanda suka yi aikin tare da shi su ne Fred Robinson mai busa tirambon, da Jimmy Strong mai busa kilarinet, da Earl Hines a kan fiyano, da Mancy Carr mai kaɗa banjo, da kuma Zutty Singleton mai ganga. Idan aka haɗa da Armstrong, wanda ya busa ƙahon tirampet kuma ya yi rerawa, za a ga mutum shida ne, duk da cewa sunan ƙungiyar yana nuni da biyar. Ita Hot Five ƙungiya ce ta ɗakin ɗaukar sauti, amma mutanen ba baƙin juna ba ne, domin yawancinsu suna aiki tare da Armstrong kowane dare a ƙungiyar Carroll Dickerson.

Wani abin lura shi ne irin faifan garmahon wancan zamani. Yana juyi 78 a minti ɗaya, kuma fuska ɗaya ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan kai. Babu halin yanke wani sashe a liƙa wani. Idan aka yi kuskure, sai dai a sake daga farko ko a bar shi haka nan. Ke nan dole makaɗa su san tun kafin a fara zagaye nawa za a yi, wa zai shiga bayan wa, kuma ina za a tsaya. Wannan matsi na lokaci yana daga cikin dalilan da suka sa aka tsara kiɗan yadda aka tsara shi.

4.3 Zubi da Tsari

Faifan ya ƙunshi buɗewa, da zagaye biyar, da rufewa. Za a bi su ɗaya bayan ɗaya.

4.3.1 Buɗewa

Armstrong ne ya buɗe shi kaɗai, babu ganga babu fiyano, na tsawon kimanin sakan 15. Ya fara da 'yan sautuka masu ƙarfi da suke gangarowa, kamar mai shela, sai ya juya ya riƙa hawa mataki-mataki har ya kai wani sauti mai tsini ya ɗan tsaya a kansa. Daga nan ya gangaro da gudu, yana karkacewa hagu da dama, yana rage sauri sannu a hankali, har ya sauka a daidai wurin da sauran makaɗan za su tarbe shi. Abin da ya sa wannan buɗewa ta gagari masu kwaikwayo shi ne saurin bugun ya sauya a tsakiyarta, alhali kuwa babu wani makaɗi da yake riƙe masa bugu. Duk da haka mai sauraro ba ya jin cewa an ɓace hanya. Gunther Schuller, a littafinsa Early Jazz na shekarar 1968, ya rubuta sautukan wannan buɗewa ya yi musu sharhi, kuma ya ɗauke ta a matsayin shaidar cewa jaz ya kai ga yin kafaɗa da kafaɗa da kowane irin kiɗa na duniya.

4.3.2 Zagaye na Ɗaya

Bayan wannan guguwa sai aka shiga tafiyar hawainiya. Armstrong ya kawo gindin waƙar kamar yadda Oliver ya ƙaga, wanda yake farawa da sautuka uku masu hawa. A ma'aunan farko bai yi masa ado ba ko kaɗan. Kilarinet da tirambon suna bayansa suna jan dogayen sautuka, fiyano da banjo kuwa suna riƙe da bugu. Sai da zagayen ya yi nisa ya fara ƙawata raujin, har a ƙarshe ya sake hawa ya dire a kan wani sauti na sama. Yana da kyau a riƙe wannan sauti a zuciya, domin za a sake haɗuwa da shi.

4.3.3 Zagaye na Biyu

A nan Fred Robinson ne jagora. Busarsa mai sauƙi ce, yana jan sauti yana zamewa daga wannan zuwa wancan. A bayansa Singleton yana gwara wasu ƙananan faya-fayan ƙarfe biyu da hannu, suna ba da ƙara irin ta takun doki. Armstrong bai ce uffan ba a duk tsawon zagayen.

4.3.4 Zagaye na Uku

Wannan zagaye kira da amshi ne tsantsa. Jimmy Strong ya saukar da kilarinet zuwa ƙasan muryarta yana kawo raujin guntu-guntu, Armstrong kuma yana amsa masa da baki, ba da kalmomi ba, sai da gaɓoɓin sauti marasa ma'ana. Da farko yana maimaita abin da kilarinet ta faɗa ne kusan yadda yake. Da tafiya ta miƙa sai amshin ya riƙa tsawo yana bauɗewa, har ya zamana mai amshi ya fi jagora magana. Muryar a nan tattausa ce, ba irin gurnanin da aka san shi da shi daga baya ba. Mawaƙiya Billie Holiday ta ambata a tarihin rayuwarta cewa ta saurari wannan faifai tun tana yarinya, kuma wannan rerawa da babu kalmomi ta yi mata tasiri matuƙa.

4.3.5 Zagaye na Huɗu

Kowa ya yi shiru aka bar Earl Hines shi kaɗai. Ya raba zagayensa daidai da gidaje ukun buluz. A gida na farko hannun damansa yana kwarara kamar ruwa, a na biyu ya ƙarfafa bugu yana danna sautuka tagwaye masu kaifi, a na uku kuma ya koma kwararar da ya fara da ita. Wannan salo na danna tagwayen sautuka da karkaɗa su shi ya sa ake cewa Hines yana kaɗa fiyano kamar mai busa ƙaho.

4.3.6 Zagaye na Biyar da Rufewa

Armstrong ya dawo da sautukan nan uku da gindin waƙa ya fara da su, amma ya ɗaga su sama da mataki takwas a tsanin sauti. Wannan ya dire shi a kan sautin da ya rufe zagaye na ɗaya da shi. Maimakon ya ci gaba da raujin, sai ya riƙe sautin nan guda har kusan ma'auni huɗu, wato fiye da sakan goma da numfashi ɗaya, yana ƙara masa ƙarfi. Da ya sake shi sai ya riƙa maimaita wata gajeriyar gangara a jere, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa, kafin ya zube ƙasa. Bai ƙarasa zagayen ba. Bayan ma'auni takwas Hines ya karɓa da 'yan sautuka masu saukowa a hankali, sannan aka haɗu aka rufe cikin sanyi. Abu na ƙarshe da ake ji shi ne ƙwas ɗin faya-fayan ƙarfen Singleton.

4.4 Ƙirƙirar Nan Take ko Shiri?

Idan aka dubi bayanin da ya gabata, za a ga akwai hujjoji uku da suke raunana ra'ayin da ke cewa abin duk katari ne.

Hujja ta farko tana cikin faifan kansa. Sautin da aka taɓa a ƙarshen zagaye na ɗaya shi ne aka dawo aka riƙe a farkon na biyar. Tsakanin waɗannan wurare biyu, zagaye uku cur, ba a ji ƙahon Armstrong ba ko sau ɗaya. Haka kuma kowane zagaye yana da launin sauti dabam: ƙaho, tirambon, kilarinet da murya, fiyano, sannan ƙaho. Sautin yana ta raguwa har aka kai ga mutum ɗaya a kan fiyano, daga nan ne aka tashi gaba ɗaya. Irin wannan jeri ba ya faɗowa haka kawai.

Hujja ta biyu tana cikin faya-fayan da suka gabace shi. Manazarta jaz sun gano cewa wani yanki na gudun da ke cikin buɗewar ya riga ya fito a busar Armstrong tun shekarar 1924, a faifan "Changeable Daddy of Mine" inda ya raka mawaƙiya Margaret Johnson. Ke nan abin ya yi kusan shekara huɗu a yatsunsa kafin ya sami gurbin da ya dace da shi.

Hujja ta uku kuwa tana cikin faya-fayan da suka biyo baya. Armstrong ya sake ɗaukar wannan kiɗa a 1939 da babbar ƙungiya, sannan aka sake naɗarsa yana yin sa a birnin Milan na ƙasar Italiya a 1955. A duka biyun ya kawo buɗewar kusan yadda take a 1928, ya kuma riƙe dogon sautin nan a zagayen ƙarshe. Wannan ya nuna shi kansa ya ɗauke su a matsayin ƙagaggen abu da ya riga ya kammala.

Duk wannan bai kore ƙirƙira ba, sai dai ya gyara fahimtar da aka yi mata. Wanda ya saba da waƙar baka ya san cewa mawaƙin da yake ƙulla ɗan waƙa nan take a gaban taro yana ɗebowa ne daga rumbun da ya daɗe yana tarawa, gwanintarsa kuma tana ga zaɓe da ajiye kowane abu a muhallinsa. Haka abin yake ga makaɗin jaz. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Inda ake jin ɗanyen tunani a faifan shi ne amshin zagaye na uku da adon da aka yi wa rauji a zagaye na ɗaya, amma ginshiƙan ginin an riga an kafa su.

4.5 Matsayin Abokan Kiɗa

Masu sharhi da dama sukan tsallake zagayen Robinson da na Strong, wasu ma su ɗauke su a matsayin cikon benci. Gaskiya ne cewa babu ɗayansu da ya kai Armstrong ko Hines ƙwarewa. To amma tambayar da ta kamaci mai tarke ita ce, wane aiki zagayen ya yi a cikin ginin? Bayan buɗewa da zagaye na ɗaya, kunne yana bukatar hutu, kuma sauƙin busar Robinson shi ya ba da wannan hutu. Da a ce wani gwanin ne ya cika wurin da gudu da tsalle, da dogon sautin zagaye na biyar bai girgiza kowa ba, domin an riga an gajiyar da mai sauraro.

Haka nan amshi ba ya yiwuwa sai da abin da za a amsa. Da Strong bai kawo raujin a miƙe ba, ya kuma bar gurbi bayan kowane guntu, da muryar Armstrong ba ta sami wurin shiga ba. Shi kuwa Hines abokin tafiya ne sosai, domin shi kaɗai ne aka ba zagaye ba tare da kowa ba, shi ne kuma ya sauko da kiɗan daga ƙololuwa zuwa rufewa. Bayan 'yan watanni, a Disamba 1928, su biyun kaɗai suka ɗauki "Weather Bird", wanda ya tabbatar da cewa sa'o'in juna ne. Saboda haka danganta faifan ga mutum ɗaya tauye haƙƙi ne, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

4.6 Kwatanci da Faifan Oliver

Idan aka saurari faifan Oliver aka bi shi da na Armstrong, bambancin a bayyane yake. Oliver bai yi doguwar buɗewa shi kaɗai ba, kuma bai yi nisa da raujin da ya ƙaga ba. Zagayensa suna bin juna a daidai, babu wanda aka tanada domin ya zama ƙololuwa. Ana iya cewa Oliver ya gabatar da kiɗan ne, almajirinsa kuwa ya mai da shi labari mai farko da tsakiya da ƙarshe.

Sai dai adalci ya wajabta a tuna cewa ba a nan ƙarfin Oliver yake ba. Gwanintarsa tana cikin faya-fayan 1923, inda ƙaho da kilarinet da tirambon suke magana lokaci guda, kowa da nasa rauji, ba tare da sun taka juna ba. Wannan shi ne tsohon salon Niyu Olins. A "West End Blues" na Armstrong babu wannan saƙa, domin duk lokacin da ƙahonsa yake magana sauran masu busa sun koma shimfiɗa. Ke nan nasarar faifan ta zo da hasara, domin daga nan jaz ya karkata ga fifita gwani ɗaya a gaba. Shi kansa Oliver kasuwarsa ta ja da baya, ciwon dasashi ya hana shi busa, ya rasu cikin talauci a garin Savannah a 1938. Armstrong kuwa ya zama sananne a duniya, har ya ziyarci Gana a 1956, ya kuma zo Nijeriya a 1960. Bai daina ambaton maigidan nasa da alheri ba har ya rasu a 1971.

4.7 Raunin Faifan

Faifan bai rasa aibi ba. Bugun da banjo da fiyano suke riƙewa a zagaye na ɗaya yana da nauyi, bugu huɗu daidai wa daida babu lanƙwasa, har yakan zama kamar ana jan ƙafa a ƙarƙashin ƙahon da yake son tashi. Babu kayan kiɗa mai kaurin murya da zai cika ƙasan sautin. Ganguna ma ba a ji su ba, sai faya-fayan ƙarfen nan, waɗanda ƙararsu ta fito fili fiye da kima a zagaye na biyu. Wani ɓangare na wannan rauni laifin na'urar zamanin ne, wani kuma yana nuna cewa masu riƙe bugu ba su riga sun cim ma inda Armstrong da Hines suka kai ba. Sai a shekarun 1930, musamman a ƙungiyar Count Basie, aka sami bugu mai santsi da ya dace da irin wannan busa.

4.8 Naɗewa

A wannan babi an yi tarken "West End Blues" na shekarar 1928, inda aka dubi asalinsa da yanayin ɗaukarsa da zubinsa, aka kuma kwatanta shi da na King Oliver. An nuna cewa ra'ayin da ke cewa faifan ƙirƙirar nan take ce zalla bai dace da hujjojin da ke cikinsa da waɗanda ke cikin faya-fayan 1924 da 1939 da 1955 ba. Haka kuma an nuna cewa zagayen Robinson da Strong da Hines ɓangarori ne na ginin, ba cikon gurbi ba. Darasin da mai nazari zai ɗauka shi ne, sauraron tsohon faifan jaz yana bukatar a bi shi daga farko zuwa ƙarshe ana ƙidaya zagaye, ana lura da wanda ya yi magana da kuma wanda ya yi shiru. A babi na gaba za a yi amfani da wannan hanya wajen nazarin "Body and Soul" wanda Coleman Hawkins ya ɗauka a shekarar 1939.